Akwatin Lafiyayyu

Jinina ne aka sace, don haka kada wanda ya ce mini ba ruwana da labarin nan. Ba nawa kaɗai ba kuwa, har da na direba, da na masinja, da na Inna mai goge-goge, da na Farfesa kansa. Duk muna cikin akwati ɗaya, fari, a firizar ɗakin gwaji. Da safiyar ranar da za a ɗaure kaya a aika wa abokan aikinmu na ƙasar waje aka buɗe firiza, sai aka tarar da gurbin akwatin wayam.

Ni ce sakatariyar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, kuma na daɗe a kujerar har ta ɗauki siffata. Farfesa, shugaban sashen, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman alamar ciwo ɗaya a cikin jini, ciwon nan da ke ɗaga mutum sama har ya daina barci ya ga duniya duk tasa ce, sannan ya jefo shi ƙasa ya kasa ko tashi daga gado. Jinin masu ciwon yana cikin 'yan kwalabe a shuɗɗan akwatuna. Amma aikin ba ya yiwuwa sai da jinin lafiyayyu, don a kwatanta. To, a wancan zamanin wa zai ba ka jininsa alhali lafiyarsa ƙalau? Sai Farfesa ya riƙa bin ofis-ofis da sirinji yana wasa da dariya: “Ke ma ai lafiyarki lau, miƙo hannu.” Haka ya tatse mu ɗaya bayan ɗaya, aka zuba mu a farin akwati.

Maƙalar da ta fito daga wannan jini ita ta ɗaga sunansa. Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, sai ya duba kwamfuta ya ga ko wani masani a wata ƙasa ya sake ambatar aikinsa. In adadin ya ƙaru, ranar ko hutu ka nema za ka samu. Abokan bincikensa kuwa sun watsu a duniya, wasu sunayensu sai na ciji harshe kafin in buga su daidai. Suna zuwa suna wucewa a kan maƙalun, amma suna biyu ba sa canzawa, nasa da na Mai Lissafi, abokinsa tun suna samari, wanda ke juya sakamakon gwaji ya zama alƙaluma.

Da akwatin ya ɓace, kafin a ce mene ne, sashe ya ɗauka, kuma duk idanu suka koma kan Auta. Muna ce mata haka ne don ita ce ɗalibar digirin digirgir ta ƙarshe da Farfesa zai yaye kafin ya yi ritaya. Ita ke riƙe da makullin ɗakin gwaji. Ga shi kuma kowa ya ji rigimar da suka yi a kan sabuwar maƙala, da ta ga an tura sunanta tsakiya bayan ita ta yi wahalar aikin. Yarinyar ba ta iya ɓoye fushi ba, ranar har ƙofa ta buga.

Shugaban tsaro ya zo da tumbinsa, ya ce in ba a ga akwatin ba kafin a tashi aiki, sunanta zai kai wa kwamitin ladabtarwa, kuma su dakatarwa suke fara yi kafin su saurari mutum. Shekarun da ta zuba a digirin nan za su bi ruwa ke nan. Farfesa bai ce uffan a kanta ba, abin da ya ba ni haushi sosai. Umarni ɗaya ya bayar, wai kada wanda ya sake buɗe firiza, don duk buɗewa ɗaya tana ɗumama sauran jinin.

Na koma ofis raina a ɓace. Akwai makulli na biyu a durowata, ban kuma ga wanda ya tuna da shi ba. Na ɗauki waya na kira Dakta Sawu.

* * *

Dakta Sawu malami ne a sashen namun daji. Rabin shekararsa a daji yake yi yana bin sawun dabbobi, ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan har ya danne na yanka. Shi ma sunansa na kan wata tsohuwar maƙala ta Farfesa, don shi ya kamo masa ɓerayen daji lokacin da ake gwajin damuwa a kan dabbobi. Mutum ne da in ka gaishe shi takalminka yake fara kallo.

Ya tsaya a bakin ɗakin gwaji bai shiga ba. A gefen ƙofa akwai jerin silifas na roba, duk iri ɗaya, duk manya, don doka ce a cire takalmin waje kafin a shiga.

“Mutum nawa suka shiga yau, Hajiya?”

“Duk wanda ke da ƙafa,” na ce.

“Madalla. Garken shanu ke nan. Ja mini labule, ki kashe fitila.”

Ya durƙusa ya kwantar da tocila a kan tayil, hasken ya bi ƙasa a kwance. Wallahi sai da na riƙe baki. Daɓen da nake gani tsaf kullum, ashe cike yake da sawaye, wasu kan wasu. Ya nuna mini cewa na safiyar nan ƙura ce kawai a kan busasshiyar ƙasa. Amma akwai wani layi daban, wanda aka taka tun sabulun goge ƙasa bai bushe ba, ya manne ya yi dishi-dishi. Ya tafi daga ƙofa zuwa firiza kai tsaye, ba leƙe-leƙe.

A gaban firizar ya daɗe. Sawun nan ya tsaya wuri ɗaya, an yi ta ɗaga ƙafa ana mayarwa. Tsakanin ƙafafun akwai tabon ɗigon ruwa da ya bushe, a gefen dama kuma wani zagaye kamar gindin kwalba, mai ɗan giɓi a gefe ɗaya.

“Kwalbar sabulun Inna ce,” na ce, don ni ma a san ina da ido.

“Wataƙila,” ya ce. Ya zana zagayen a tafin hannunsa da biro.

Muna fitowa masinja ya tare mu da zumuɗi. Ya ga ɗigon ruwa a baranda, ya bi shi har matakala. Kowa ya san wanda ke saman matakalar, Likitan Bene, wanda suka raba gari da Farfesa tun da aka cire sunansa daga wata maƙala. Gaisuwa ma ta hannun masinja suke yi.

Mun hau. Likitan Bene ya saurare mu yana juya kujera, sannan ya fashe da dariya.

“Farin akwati? Haba, Dakta! In da sata zan yi ai shuɗɗan zan kwasa, su ne dukiyar. Me zan yi da jinin direba? Ki yi haƙuri, Hajiya, har da naki. Lafiyayyu ai ko a bakin titi na samu.”

Na ji zafin maganar, amma muna saukowa ta yi ta yi mini yawo a ka. Gaskiya ya faɗa. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake abu mai daraja ya ɗauki mu?

Dakta Sawu ya dangwali ɗigon matakalar ya shinshina. “Sabulu. Bokitin Inna na yoyo.”

“Ka sani tun farko?”

“Na sani. So nake in ji abin da mutumin zai ce.”

Inna ta tabbatar. Ɗakin gwaji ne na ƙarshe da ta goge jiya da yamma, tana fita Auta ta kulle. Ta fito mana da kwalabenta duka tana mita, wai yanzu kuma sabulun ma sai an bincika. Dakta Sawu ya gwada gindin kowace da zanen tafinsa. Ba wadda ta dace.

* * *

Auta na zaune a ɗakin ɗalibai ita kaɗai, sauran sun watse sun bar ta kamar mai cuta. Idanunta sun yi ja, amma ba ta yarda ta yi kuka a gabanmu ba.

“In tambayata za ku yi ko na ɗauka, ban ɗauka ba. Na yi fushi, har yanzu ma ina yi. Amma ni na jera kwalaben nan da hannuna, yatsuna suna ƙonewa da sanyi.”

Dakta Sawu ya ce, “Ba ita zan tambaye ki ba, 'yata. Taso ki sa silifas ɗin can ki taka mini.”

Ta bi mu ta sa, ta yi taku kaɗan a baranda, silifas ɗin na ja a ƙasa fat-fat saboda sun fi ƙarfin ƙafarta. Ya gyaɗa kai.

“Yanzu faɗa mini, me zai sa mutum ya tsaya gaban firizar nan kamar mai jiran mota?”

Ta ɗan yi tunani. “In ya rufe ta yana so ya sake buɗewa. Sanyinta ba irin na firizar gida ba ne, Malam. Da ka rufe, iskar da ta shiga sai ta tsuke, ƙofar ta kame gam. Ko ƙato ne ba zai buɗe ba sai ya jira ta saki.”

“Ashe. In kuma aka fito da akwati daga ciki?”

“Nan take zai yi farar raɓa ya fara ɗiga. Shi ya sa muke sa shi cikin kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, tare da busasshiyar ƙanƙara.”

“An rasa kula?”

“Duk suna nan, na duba.”

“Ana shiga da abin sha?”

Ta kalle shi kamar ya yi saɓo. “Ko ruwa ba a shiga da shi. Ranar farko ake koya wa ɗalibi wannan.”

Sai ni na yi tambayar da ke cina: me ya sa a wannan karon za a aika har da farin akwati, bayan shekara da shekaru yana zaune lafiya? Ta ce ai an faɗa a taron da aka yi da mutanen waje ta kwamfuta, ina can ina haɗa shayi ban ji ba. Sun sayi sabuwar na'ura mai gano duk wani magani da ke cikin jini, komai daɗewarsa a firiza. Suna so su bi duk samfurin da ita, na masu ciwo da na lafiyayyu, kafin a haɗa aikinmu da na sauran ƙasashe a fitar da babbar maƙala.

“To ni dai maganin ciwon kai za su gani,” na ce, “kuma Farfesa ne sanadi.”

Ba ta yi dariya ba. Dakta Sawu ma bai yi ba, yana kallon tafin hannunsa.

Ofis na ƙarshe da muka shiga na Mai Lissafi ne, kusa da nawa. Dattijo ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma shi kaɗai ne a sashen yake mayar da abin da ya ara. Kullum yana cikin durowata neman abin huda takarda. Gorar ruwansa ta ƙarfe na kan tebur kamar kullum. Ba ya rabuwa da ita ko banɗaki za shi, har muna tsokanarsa cewa kifi ne ya haife shi. Ya tsiyaya ruwa a murfin yana sha, hannunsa na ɗan rawa, abin da muka saba gani har muka daina gani.

Dakta Sawu ya ja shi da hirar da. Nan fa ya saki jiki. Ya ba mu labarin lokacin da su biyu ne kawai, shi da Farfesa, ba ɗalibi ba kuɗin bincike, suna ɗauko ƙanƙara a bayan babur in wuta ta ɗauke. Shi da kansa ya tsara inda kowane akwati zai zauna ranar da aka kawo firizar. Sai ya dube ni.

“Hajiya, yarinyar nan ba ta yi ba.”

“Ni ma na sani, Malam. Shugaban tsaro ne bai sani ba.”

“Da gaske za su dakatar da ita?”

“Kafin a tashi aiki.”

Ya ɗaga gorar zai sake tsiyayawa, ya fasa, ya ajiye. Na ɗauka tausayi ne kawai, har na ji ya ƙara shiga raina.

* * *

Da la'asar Dakta Sawu ya sa na tara kowa a ɗakin taro, wanda ƙofarsa ke kallon ɗakin gwaji: Farfesa, Auta, Mai Lissafi, Inna, shugaban tsaro, har da Likitan Bene, wanda ya ce ko ba a gayyace shi ba zai zo kallo.

“Farfesa,” in ji Dakta Sawu, “ina ɓerayena?”

“Wane ɓeraye kuma ana wannan tashin hankali?”

“Jinin ɓerayen da na kamo maka.”

“Suna ɗakin ƙasa na firiza. Ba wanda ya taɓa wurin tun da aka gama aikin.”

“To a buɗe mini sau ɗaya. In na ɗumama maka jini a banza, ka cire sunana daga maƙalar.”

Likitan Bene ya ce ai wannan ba sai an roƙe shi ba. Farfesa ya harare shi, amma ya miƙa wa Auta safar hannu. Muka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Ta ja babbar ƙofar, hayaƙin sanyi ya zubo ƙasa. A ciki akwai ƙananan ƙofofi, kowace da ɗakinta. Ta can ƙasa kuwa, ƙanƙara ta lulluɓe ta da kauri, irin ta shekaru, amma ta tsage a gefe daga sama har ƙasa, kuma kusa da mariƙin akwai jan yatsa a kan raɓar, layin ya tafi a karkace yana kaɗawa. Auta ta buɗe. Ga farin akwatinmu can a bayan ɓeraye, an juya rubutunsa ciki.

Inna ta rafka salati. Ni kuwa dariya ta kusa kufce mini. Masana guda nawa, tun safe ana neman ɓarawo har saman bene, alhali tsabar tsoron buɗe firiza ya sa suka leƙa gurbi ɗaya suka rufe. Auta ta duba kwalaben ta ce ba wadda ta narke.

Na ɗauka an gama. Muna komawa teburin taro shugaban tsaro ya gyara zama ya ce ai yanzu ma magana ta fito. Wa ke da makulli? Wa ke da fushi? Ta ɓoye ne don kaya su tafi babu shi, ta kunyata malaminta a idon duniya.

“Akwai makulli a durowata,” na ce, “kuma durowar ba ta kulluwa. In haka ne ka rubuta da ni.”

“Ba sai an rubuta kowa ba tukuna,” in ji Dakta Sawu. “Bari in faɗi abin da ƙasa ta gaya mini. Wanda ya shiga jiya ya cika silifas ɗin da ƙafarsa, ba ya jan su. Yarinyar nan ja take yi. Ya san doka, tun da ya cire takalminsa. Ya san inda akwatin yake, bai nema ba. Ya fito da shi ya rufe firiza, ina jin da niyyar fita da shi. Amma bai yi ko taku ɗaya ba. Ya tsaya riƙe da shi har raɓar ta ɗiga tsakanin ƙafafunsa. Daga nan zuwa ƙofa babu ɗigo ko ɗaya. Ya so ya mayar, ƙofa ta kame, ya jira. Mai son ɓarna ba ya jiran ƙofa. Wannan mutum ya kasa lalata akwatin, so yake kawai jirgi ya tashi babu shi.”

“To wane ne?” in ji shugaban tsaro.

“Ni sawu na iya, ban iya dalili ba, kuma ba na son kiran suna ban san dalili ba. Abu biyu suka rage. Hannunsa na rawa, kun gani a kan ƙanƙara. Kuma yana da ƙishin da ya fi ƙarfin doka, don ya cire takalmi amma ya kasa barin ruwansa a waje. Ya ajiye shi a ƙasa don ya sa safar hannu. Farfesa, wannan fanninka ne. Me ke kawo rawar hannu da ƙishi tare, a kuma ji tsoron na'urar da ke ganin magani a jini?”

Farfesa ya buɗe baki da saurin malami a aji. “Ai wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani, maganin da muke ba masu…”

Bai ƙarasa ba. Na ga idonsa ya tafi a hankali zuwa gefensa, inda abokinsa ke zaune a kujerar da ya saba zama a kowane taro. Ni ma na bi idon. Gorar na kan tebur, an lotsa gindinta a gefe ɗaya tun wata faɗuwa da ta yi a matakala, ni da kaina na tsinto masa ita ranar. 

Dakta Sawu ya miƙe. “Ina ga sauran maganar ta mutum biyu ce. Mu ba su wuri.”

“Ku zauna,” in ji Mai Lissafi. “A gaban kowa aka zargi yarinyar nan, a gaban kowa za a wanke ta.” Ya ɗaga gorar, ga zagayen ruwa a kan teburin da giɓinsa. “Ni ne. Ciwon da muke bincike a kai, ina da shi. Ina shan maganin, wani likita a wani gari ke duba ni.”

“Tun yaushe?” in ji Farfesa.

“Tun kafin in san ka.”

“Ka kuma miƙo mini hannu na ɗebi jininka a matsayin lafiyayye?”

“Ka shigo da sirinji kana dariya, masinja na tsaye, Hajiya na tsaye, ka ce kai ma ai lafiyarka lau. Me zan ce? Na ce gobe zan gaya maka. Goben ce har yau. In na ɗauke kwalbata kaɗai, lambar za ta nuna ni, shi ya sa na ɗauki akwatin duka.” Ya dubi Farfesa. “Na cire kaina daga lissafin na sake yi ya fi a ƙirga. Sakamakonka bai motsa ba, maƙalarka na tsaye. Amma dole a rubuta wa mujallar a gyara, kuma laifin nawa ne.”

Farfesa bai ko ji zancen maƙalar ba, shi da ke kwana da ita ya tashi da ita. Hannun abokinsa yake kallo.

“Ni nake tsayawa gaban jama'a ina cewa ciwon nan ba abin kunya ba ne. Na rubuta babi guda a kan rawar hannun nan. Kana gefena kana zuba mini shayi yana zubewa a faranti, ina ce maka tsufa ne.”

“Kai ma kana cewa ba abin kunya ba ne,” in ji Mai Lissafi a hankali, “amma ban taɓa ganin ka ba mai shi alƙalumanka ya riƙe ba.”

 Likitan Bene, da ya zo kallo, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa. Shugaban tsaro ya mayar da biro aljihu ya ce shi dai kayan sun fito, bai ga sata ba. Inna ta ce da ma ita ba ta ji komai ba, kunnenta ya daɗe da lalacewa. Ƙarya take yi, ta fi kowa ji.

Auta ce ba ta sauko ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta fuskanci Mai Lissafi.

“Malam, da ba a bi sawun ba fa? Da ka bari sun kore ni?”

“Tun safe nake tashi in zo, in kai ƙofa in koma. Ba zan ce miki na tabbata da na iso ba, 'yata. Ki yafe mini in kin iya.”

Ba ta ce ta yafe ba. Ta dubi Farfesa, shi ma ta daɗe tana dubansa, har sai da ya ce, “Ni ma na yi shiru inda bai kamata ba. Ki yi haƙuri.” Sannan ta tashi ta ɗauko takardar amincewa, irin wadda kowane mai ciwo ke sa wa hannu kafin a karɓi jininsa, ta ajiye a gaban Mai Lissafi.

“Motar kaya ba ta zo ba tukuna. Kwalbarka ba ta da wuri a farin akwati. Ko dai in zubar da ita, ko ka sa hannu in mayar da ita shuɗin akwati kamar ta sauran masu ciwo. Mece ce lambarka?”

Ya faɗe ta da ka, ba ko tunani. Ya ɗauki biro ya sa hannu, rubutun ya fito a karkace kamar layin nan na kan ƙanƙara. Auta ta sa safar hannu ta nufi ɗakin gwaji, ya bi ta don ya gani da idonsa. A bakin ƙofa ya cire takalmi ya sa silifas, sannan ya tsaya da gorar a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Farfesa ya miƙa hannu ya karɓa. Ya girgiza ta, ya ji babu ko ɗigo a ciki. Na tashi zan karɓa, don aikina ne, ya ce in zauna. Da kansa ya tafi ƙarshen baranda ya cika ta, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar yana riƙe da ita har abokinsa ya fito.